Yaron da Ba Shi da Sarki: Tarihin Neman Kulawa ga Masu Galahanga a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa

A ƙasar Zazzau ta dauri, kamar sauran ƙasashen Hausa, kusan kowace nakasa da ido ke gani tana da shugaba. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, akwai Sarkin Guragu, kowanne da jama'arsa da hanyar da kukansa ke bi har ya isa fada. Tsarin yana da rauninsa, domin mafi yawansa a kan bara aka gina shi. Duk da haka ya tabbatar da cewa al'umma ta san da zaman waɗannan mutane, ta kuma ba su suna da mazauni.

Akwai yaron da wannan tsari ya tsallake. Idonsa garau, ƙafarsa lafiya, kunnensa na jin motsin ƙwarya daga bayan danga, amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ba ya nuna abu da yatsa don uwarsa ta gani. Yakan jera duwatsu ko marafan kwalba tun hantsi har azahar, in an gusar da ɗaya ya yi ta kuka kamar an yanka shi. Wani ba ya magana sam, wani kuma sai maimaita abin da aka faɗa masa. Likitoci na kiran wannan hali otizim, kafofin watsa labarai na Hausa kuma sun fi kiran sa galahanga.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka nemi kulawa ga irin wannan yaro a Ikara da Maƙarfi da Kudan, ƙananan hukumomi uku masu tushe ɗaya: daga Ikara, wadda aka kafa a 1976, aka cire Maƙarfi, daga Maƙarfi kuma aka cire Kudan a 1996. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, kulawar lafiya ba ta taɓa isa ga talakan wannan yanki ba sai lokacin da ta fito daga gini ta taka zuwa ƙofar gidansa. Wannan darasi ne ya kamata ya ja ragamar duk mai tunanin sansanin hutu ko shirin horarwa ga waɗannan yara.

Kafin Zuwan Suna

Rashin suna bai hana mutane lura ba, sai dai kowa ya fassara abin da ya gani da abin da ya sani. Alamomin galahanga sun fi fitowa fili tsakanin wata 18 da shekara 2, wani yaron ma yakan fara 'yan kalmomi sannan su ɓace. Wannan kuwa shi ne lokacin yaye a gidan Bahaushe, lokacin da ake ɗauke yaro daga gaban uwa a kai shi wurin kaka. Saboda haka sai a ɗora laifin a kan yaye, ko fitar haƙori, ko kwanika. In magana ta yi jinkiri, a ce nauyin baki ne, gadon gida ne, wane ma sai da ya yi wayo ya buɗe baki. Ƙin haɗa ido da mutane, wanda likita ke ɗauka a matsayin babbar alama, a zauren Bahaushe ladabi ne da kunya. In yaron ɗan fari ne, kunyar ɗan fari takan hana uwa yawan magana a kansa a gaban surukai, sai damuwarta ta tsaya a zuci.

Idan shekaru suka ja, fassara takan koma ga iskoki. A nan ne ake jin kalmar ɗan ruwa, wato zaton cewa aljanu sun musanya jaririn. Da yawa daga cikin masu galahanga na da sha'awar ruwa ƙwarai, suna kuma iya sulalewa daga gida ba tare da sanin haɗari ba, sai wannan hali ya zama kamar hujja ga mai camfi. Daga nan iyaye kan shiga zagayen da kowa ya sani: rubutu da tofi wurin malam, hayaƙi da jiƙo wurin mai magani, girka wurin 'yan bori, a zamanin baya-bayan nan kuma ruƙiyya. Akuya ta tafi, buhun masara ya bi ta, yaro na nan yadda yake.

Adalci ne a ambaci abin da al'umma ta yi daidai. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zariya da kewayenta ya ɗauke wa wanda hankalinsa bai cika ba nauyin hukunci, ya tsare masa rabonsa na gado, ya kuma wajabta wa waliyyi kula da dukiyarsa. Babban gida mai kakanni da gwaggwanni ya sa yaron yana da hannaye da yawa a kansa. An ciyar da shi, an tufatar da shi. Abin da aka rasa shi ne sanin cewa ana iya koya masa.

Abin da Turawa Suka Gina, da Abin da Ya Isa Ƙauye

Mulkin mallaka ya kalli matsalar ƙwaƙwalwa da idon tsaro. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da yadda za a killace wanda ake tsoro, a Arewa kuwa sau da yawa kurkukun En'e ne makomarsa. Yaro mai shiru a ƙuryar gida ba ya cikin lissafinta.

Amma a fagen wasu cututtuka, wannan yanki ya ga gwaje-gwaje biyu masu darasi. Na farko shi ne shirin Anchau, wadda a yau take ƙaramar hukumar Kubau, ita ma daga Ikara aka cire ta. A ƙarshen shekarun 1930, domin yaƙi da ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, hukuma ta sare kurmin bakin rafuka, ta haƙa rijiyoyi, ta tashi dubban mutane daga ƙauyukansu, ta kuma gina sabon gari mai suna Takalafiya. Ciwon ya ragu, amma aikin ya ci kuɗi da ma'aikata masu yawa, an kuma yi shi da ƙarfin iko, don haka ya tsaya a matsayin abin nuni a yanki guda.

Na biyu shi ne kuturta. Da farko tara kutare ake yi a sansani, irin na Saye da ke kusa da Zariya, inda majinyaci zai bar gonarsa da iyalinsa shekara da shekaru. Kaɗan ne suka yarda. A farkon shekarun 1950, bayan samun ƙwayar dafson, gwamnatin Arewa ta sauya dabara: aka buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyuka, ma'aikaci mai ɗan taƙaitaccen horo ya riƙa zuwa a keke yana raba ƙwaya a ranar da aka tsayar. Cikin 'yan shekaru masu karɓar magani suka ninka na sansanoni nesa ba kusa ba, domin mutum na shan maganinsa ya koma gonarsa.

A daidai wannan lokaci, a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a kusa da Abeokuta. Maimakon kulle masu taɓin hankali, sai ya saukar da su a gidajen mutanen ƙauye, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Duniya ta yaba wa wannan tsari, wanda ya nuna cewa dangi abokan aikin likita ne.

Yadda Sunan Ya Samu

Can a Amurka, a 1943, likitan yara masu matsalar ƙwaƙwalwa Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins ya bayyana yara 11 masu wannan hali, ya ware su daga sauran masu raunin fahimta. Bayan shekara guda Hans Asperger ya yi irin wannan bayani a Biyana ta ƙasar Ostiriya. Sai dai ilimin zamani ma ya yi nasa camfin. Shekaru da dama ana koyar da cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo matsalar, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya ƙara yaɗawa a littafinsa na 1967. Uwar Chicago da uwar Gubuchi sun sha zargi iri ɗaya, ɗaya daga bakin masana, ɗaya daga bakin kishiya. A 1977 binciken Susan Folstein da Michael Rutter a kan tagwaye 21 a Ingila ya nuna ƙarfin gado a cikin lamarin, bincike na baya kuma ya tabbatar da haka. Zargin da aka yi wa allurar rigakafi a wata maƙala ta 1998 shi ma ya rushe, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010.

Game da Afirka kuwa, a 1978 Victor Lotter ya wallafa sakamakon zagayen da ya yi a ƙasashe shida, har da Nijeriya. Ya duba yara 1,312 a cibiyoyin masu raunin fahimta, ya sami 9 da suka cika sharuɗɗansa. Wannan ya isa hujja cewa halin na nan a nahiyar, amma ƙarancin adadin ya sa wasu suka ci gaba da ɗaukar sa ciwon Turawa da 'ya'yan masu kuɗi. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Lotter ya ƙirga waɗanda aka kai cibiya ne, yaron Paki ko na Likoro kuwa babu cibiyar da ta san da shi.

Makarantu na Musamman da Giɓin da Suka Bari

Ilimin masu buƙata ta musamman a Arewa ya bi sawun tsohon tsarin sarautar nakasassu, wato ya fara da abin da ido ke gani. 'Yan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe guda ga ilimin musamman, aka kuma sami makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da ta cikin garin Kaduna, waɗanda ginshiƙinsu kurame ne da makafi. Makaho na da rubutunsa na taɓawa, kurma na da maganar hannu. Mai galahanga, wanda bukatarsa ita ce a koya masa yadda zai nemi ruwa, ya jira layi, ya jure hayaniya, bai dace da ajin kowa ba.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makaranta kusan kowace gunduma, amma malami guda a gaban yara masu ɗimbin yawa ba shi da lokacin wanda ke toshe kunne yana kaɗa jiki. A makarantar allo, inda karatu ke tafiya da ɗaga murya da dorina, ko dai ya gudu ko a ce ya gagara. Wani kuma Allah kan ba shi kaifin hadda, ya riƙe surori da ji kawai, mutane su yi ta mamaki ba su san abin da ke tare da baiwar ba. Wanda ya girma da ƙarfi da yawan fushi, ƙarshensa ɗaki da kwaɗo, ko mari. Samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, ya nuna wa duniya irin wuraren da iyaye ke kai ɗan da ya fi ƙarfinsu idan babu wata ƙofa a buɗe.

Kalmar galahanga ita kanta ta zo da nata ruɗanin. Ana jibga mata yaron da shawara ko doguwar naƙuda ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har gaɓoɓinsa suka sandare, da wanda aka haifa da raunin fahimta, da wanda sanƙarau ya kurmantar, da mai otizim na ainihi. Kowannensu kulawarsa daban. Uwa daga Hunƙuyi ko Gazara da ke son a tantance mata, sai ta nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A can za a iya faɗa mata sunan abin, a ba da maganin farfaɗiya in yaron na da ita. Amma galahanga ba ta da ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ke taimako shi ne horo na yau da gobe a kan magana da mu'amala da kula da kai, wanda ba ya samuwa da ziyara ɗaya a wata uku.

Sansanin Hutu: Asalinsa da Dacewarsa

A ƙasashen da aka ci gaba a wannan fage, iyaye ne suka fara yunƙurawa. Su suka kafa ƙungiyar masu otizim ta Ingila a 1962. A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, shirin da Eric Schopler ya jagoranta ya zama na jiha baki ɗaya a 1972, ginshiƙinsa kuwa shi ne ɗaukar iyaye a matsayin abokan horarwa. A farkon shekarun 1970 ɗin ne ƙungiyar iyaye ta jihar ta fara sansanin hutun bazara. Dokar Amurka ta 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu nakasa, a 1990 kuma aka ambaci otizim da sunansa a cikinta.

Wajibi ne a lura da wannan jeri. Sansanin hutu ya zo ne domin cike giɓin watannin da makaranta ke rufe, don kada yaro ya manta abin da ya koya, iyaye kuma su sami sararawa. Reshe ne a jikin bishiyar da ta riga ta kafu. A Nijeriya ma an fara ganin irinsa: wata uwa ta buɗe cibiyar Patrick a Legas a 2006, bankin GTBank na shirya taron shekara-shekara da ganin ƙwararru kyauta, wasu cibiyoyi masu zaman kansu a Legas da Abuja kuma na yin shirye-shiryen hutu ga masu halin biya. Tun 2008 ake raya 2 ga Afrilu a matsayin ranar otizim ta duniya. Duk wannan alheri ne, amma a birni ya tsaya.

Dogon hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a Ikara da Maƙarfi da Kudan tsakiyar damina ne. Maza na gonar masara da rake, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya tafi ga taki, hanyoyin ƙauye sun yanke. Lokacin ne kuma kududdufai da rafuka ke cika, wato lokacin da yaro mai sulalewa zuwa ruwa ya fi shiga haɗari. Ga shi kuma mai galahanga ya fi kowa ƙin sauyin wuri da baƙuwar fuska. A ɗauke shi mako biyu zuwa Kaduna, a dawo da shi gidan da babu wanda ya koyi komai, daidai yake da zuba ruwa a kwando.

Girman al'amarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 na da wannan hali. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin uku jimillar mutane kusan rabin miliyan. In aka ɗauka kashi 40 cikin 100 yara ne, lissafi zai kai mu ga yara wajen 2,000 tun a wancan lokaci. Babu sansanin da zai ɗauke su.

Hanyar da Tarihi Ya Nuna

Wannan yanki ya sake ganin darasin kuturta a yaƙin shan inna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa, cutar ta sake bazuwa. Abin da ya juya al'amarin shi ne shigar sarakuna da malamai, da matan unguwa da aka horar suna shiga gida-gida, suna magana da 'yan'uwansu mata a tsakar gida. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da asalin nau'in ƙwayar cutar daga Afirka.

Bincike ya nuna cewa galahanga ma na karɓar irin wannan dabara. A 2016 aka wallafa sakamakon wani gwaji a Gowa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka horar da iyaye na tsawon wata 6, aka kuma ga ci gaba a yadda iyaye da yaran ke fahimtar juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin horar da masu reno na yara 'yan shekara 2 zuwa 9, mai zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, an kuma gwada shi a ƙasashe da dama har da Habasha. Abin da ake koyarwa ba ya bukatar na'ura: uwa ta zauna daidai tsayin yaro, ta bi abin da yake sha'awa, ta taƙaita kalmominta, ta ɗan jira ya nema kafin ta miƙa, ta mai da wanka da cin tuwo darasi, ta gane abin da ke tayar masa da hankali kafin ya tashi.

Kayan aikin kuwa suna nan a gida. A Maƙarfi kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris take, wadda ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiyar al'umma da ke riƙe da ƙananan asibitocin jihar. Akwai manyan asibitoci a Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, akwai ƙwararru a Shika da za su iya sa ido, akwai Islamiyyun matan aure da ke tara iyaye mata kowane mako. Doka ma ta samu: ta tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba masu nakasa haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma bukaci makarantun gwamnati su tanadi ma'aikaci mai horo dominsu. Jihar Kaduna ta yi tata a 2021, a Janairun 2023 kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958.

In za a yi sansani a wannan ƙasa, to ya zama irin na Aro: na yini, a firamaren gari, yaro tare da uwarsa ko kakarsa, a kuma sa shi bayan kaka, lokacin da amfani ya shiga gida, hanya ta bushe, kuɗin rake da tumatir ya fara shigowa. A damina kuwa, aikin da ya fi gaggawa shi ne murfin rijiya, da ƙyauren da ke rufuwa, da maƙwabtan da suka san yaron suka kuma san gidan da za su mai da shi.

Kammalawa

Daga Takalafiya zuwa Saye, daga Gindiri zuwa Barnawa, kowane gini ya yi amfani ga wanda ya iya isa gare shi. Keken mai rabon dafson da takalmin matar rigakafi su ne suka isa ga sauran. Yaro mai galahanga ya rasa sarki a tsarin da, ya rasa aji a tsarin boko, yanzu kuma ana nema masa sansanin da iyayensa ba za su iya kai shi ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun farko kuwa a gaban uwa yaro ke yin su. Ranar da ma'aikaciyar lafiya da aka yaye a Maƙarfi za ta yi sallama a wani gida a Saulawa ko Doka, ta tambayi uwa ko ɗanta na waiwayowa in an kira shi, ta kuma san abin da za ta koya mata in amsar a'a ce, ranar ce wannan yaro zai shiga lissafin al'ummarsa.